Yadda ake zaɓar unguwar da ta dace da iyali kafin a sayi gida

Mafi yawan masu sayen gidan farko suna ƙarar da hankalinsu a kan ginin kansa, wato yawan ɗakuna da faɗin tsakar gida da tayil ɗin falo da irin kwanon da aka yi rufi da shi. Duk waɗannan abubuwa ne da magini zai iya sauyawa cikin 'yan makonni idan akwai kuɗi a hannu. Unguwa kuwa kuɗin mutum ɗaya ba ya sauya ta, domin ba za ka iya ɗaga layin da ruwa ke kwanciya a cikinsa ba, ba za ka jawo makaranta kusa da ƙofarka ba, kuma maƙwabcin da ka tarar shi ne za ka zauna da shi. Na daɗe ina raka 'yan'uwa da abokan arziki neman gida a birnin Kano da kewayensa, kuma abin da na tabbatar shi ne da ƙafa ake zaɓar unguwa, a lokuta daban-daban na yini da na shekara, kuma da idon uwargida da yara, tun da su ne masu wuni a cikinta bayan maigida ya fita nema. Yawancin misalan da zan kawo na Kano ne, amma matakan suna aiki a Kaduna da Katsina da Sakkwato da sauran garuruwanmu, kuma ko mace ce mai sayen gidan, hanyar ɗaya ce.

Kayan aikin da za ka tanada

Ka nemi ƙaramin littafi da biro, ka ware wa kowace unguwa shafinta, domin idan ka ga gidaje da yawa sai bayanansu su cakuɗe maka. Ka riƙe waya mai kyamara da taswira irin Google Maps, tare da layukan kamfanonin wayar da kai da iyalinka kuke amfani da su, don gwada ƙarfin sabis a cikin ɗaki. Ka tanadi tef ɗin awo da tocila da takalmin da ba ka jin tausayinsa a cikin laka, da kuma tsabtatacciyar gorar roba ta ɗibar ruwa.

Bayan kaya akwai mutane. Kana bukatar magini ko injiniyan da ka amince da shi, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, da lauya, da safiyo mai rajista, wato mai awon fili, da kuma uwargida ko wata 'yar'uwa babba da za ta iya shiga gidajen maƙwabta. Ka ware kuɗin bincike daban da kuɗin gidan, ka kuma ware la'adar dillali. Abu na ƙarshe, wanda ya fi kowanne wuyar samu, shi ne lokaci. Wanda wa'adin hayarsa ya kusa cika yakan sayi duk abin da aka nuna masa, saboda haka ya kamata a fara neman tun da sauran watanni masu yawa, kuma a yi ƙoƙari damina ta shigo cikin lokacin binciken.

1. Ku zauna da iyali ku rubuta bukatunku

Kafin ka kira dillali, ka zauna da uwargida ku rubuta yadda ranarku take gudana daga asuba zuwa dare: wa ke kai yara makaranta, wa ke ɗauko su, ina ake cefane, ina islamiyya take, wa ke zuwa asibiti a kai a kai, kuma akwai tsoho ko mai lalura da ke zaune tare da ku? Daga nan ku raba bukatun gida biyu, waɗanda ba za a iya zama sai da su, da waɗanda ake so amma za a iya haƙura. Ku yi lissafin da shekaru goma masu zuwa, domin jaririn da ke goye yau zai bukaci makarantar sakandare, yarinya kuma za ta zama budurwa a wannan layin.

Kada a raina kusanci da dangi. Matar da mahaifiyarta ko yayarta ke nesa da ita da tafiyar mota ɗaya tana da wanda za ta bar wa yara ranar da lalura ta taso, kuma wannan sauƙi ne da ba a iya saye da kuɗi. Kuskuren da aka fi yi a wannan mataki shi ne maigida ya yanke shawara shi kaɗai, ya saya, sannan ya kai iyali su gani ranar tarewa.

2. Ka auna nisa da kuɗin mota

Gida yana raguwa a farashi gwargwadon yadda kake nisanta daga tsakiyar gari, shi ya sa sababbin unguwannin da ke kan titin Gwarzo bayan sabuwar jami'ar Bayero, da na titin Zariya da titin Maiduguri da titin Katsina, suke jan masu ƙaramin ƙarfi. Wannan ba laifi ba ne, amma sai an yi lissafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin sufuri ya zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke cin albashi. Ka haɗa kuɗin zuwa da dawowa na kowane mutum a gidan a rana ɗaya, ka ninka da kwanakin aiki na wata, sannan ka ninka da 12. Sau da yawa za ka tarar rangwamen da ka samu a farashin gidan zai ƙare a kuɗin adaidaita sahu cikin 'yan shekaru.

Kada ka dogara da mintunan da taswirar waya ta nuna maka da rana tsaka. Ka bi hanyar da kanka da ƙarfe bakwai na safe a ranar aiki, ka sake bin ta bayan la'asar lokacin da 'yan kasuwar Kwari da Sabon Gari da Singa ke tashi. Ko kana da mota, ka gwada hanyar da abin hawa na haya, domin ranar da motar ke wurin bakanike ko ka yi tafiya, da shi iyalinka za su fita. Ka lura ko masu adaidaita sahu suna yarda su shiga layin, kuma zuwa ƙarfe nawa na dare ake samunsu a bakin titi.

3. Ka ziyarci unguwar a lokuta daban-daban, ba tare da dillali ba

Dillali zai kai ka ne da hantsi, lokacin da yara ke makaranta, matasa ba su fito ba, injin niƙa bai fara aiki sosai ba, layi ya yi tsit. Ka je wannan ziyara, amma kada ka ƙidaya ta. Ka koma kai kaɗai da sassafe ka yi sallar asuba a masallacin unguwar, ka ga su wa ke fitowa. Ka koma da la'asar ka ga inda yara ke wasa da irin maganar da ke fita daga bakinsu. Ka koma bayan isha'i, ka zauna a teburin mai shayi, ka sayi shayi ka saurara. Ka kuma je ranar Juma'a da ranar Asabar da dare, domin a lokacin ne ake gane ko akwai gidan biki ko gidan kallon ƙwallo da ke hana mutane barci.

Idan kana zaune a wani gari ne ko a wata ƙasa, ba za ka iya wannan zirga-zirga ba, to ka wakilta mutum biyu da ba su san juna ba, kowa ya je ya ɗauko maka hoton bidiyo yana tafe a ƙafa daga bakin titi har ƙofar gidan, ka kwatanta bayaninsu. Duk da haka gani ya kori ji, kada ka biya kuɗi sai ka zo ko da sau ɗaya ne.

4. Ka binciki inda ruwan sama ke bi

A ganina wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne wanda rani ke ɓoyewa. Unguwar da take fes a watan Maris tana iya zama tafki a watan Agusta. Mafi inganci shi ne ka je wurin ana cikin ruwan sama mai ƙarfi ko da an ɗauke shi, sannan ka koma washegari ka ga ko ruwan ya tafi ko yana nan kwance. Layin da ruwa ke kwana biyu a cikinsa layin sauro ne da zazzaɓin cizon sauro, kuma yara ƙanana da mata masu juna biyu su ne suka fi shan wahalarsa.

Idan dole a rani za ka saya, ƙasa da bango suna ba da labari ga mai lura. Ka dubi ƙasan katangun layin baki ɗaya, kada ka tsaya a gidan da ake tallata maka, domin shi mai yiwuwa an yi masa sabon fenti. Idan ka ga wani zane mai duhu ya bi katangu a tsayi ɗaya, to nan ne iyakar da ruwa ke kaiwa. Idan filasta tana ɓarewa daga ƙasa tana fitar da farin gari kamar gishiri, ƙasar wurin tana riƙe damshi. Idan maƙwabta sun gina ƙaramin shinge na bulo a bakin ƙofofinsu, wanda sai an tsallaka ake shiga gida, ko sun jera buhunan yashi, sun riga sun ba ka amsa. Ka kuma duba ko daɓen tsakar gidan ya fi titi tudu ko titin ne ya fi shi, domin duk lokacin da aka yi wa layi ciko ko aka zuba kwalta, tsofaffin gidaje sukan koma rami.

Ka tambayi dattawan wurin abin da ke nan kafin a yi gidaje. A Kano an cike kududdufai da yawa da shara da ƙasa an gina gidaje a kansu, alhali su ne dā suke karɓar ruwan unguwanni. Gidan da aka gina a kan cikakken kududdufi yana da matsala biyu, ruwa yana neman tsohon mazauninsa, ƙasar kuma tana lotsawa har bango ya tsage. Manhajar Google Earth ta kwamfuta tana nuna tsofaffin hotunan wuri na shekarun baya, kuma da ita za ka iya ganin ko filin tsohon kududdufi ne ko ramin da aka haƙi ƙasa ko hanyar rafi.

Ka bi kwatar layin da ƙafa har inda take zubewa. Kwatar da aka gina da kyau amma ta ƙare a bayan katangar wani ba ta da amfani. Game da gidajen da ke bakin kogi ko ƙasan madatsar ruwa kuwa, shawarata ita ce a haƙura da su komai arahar su. Ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 ta sa ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri cikin dare, ambaliyar Mokwa a jihar Neja kuma ta watan Mayu na 2025 ta hallaka mutane sama da 150. Hukumar NIHSA, mai lura da koguna da ruwayen Najeriya, tana fitar da hasashen ambaliya na kowace shekara da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, kuma yana da kyau a duba shi.

5. Ruwan sha da wutar lantarki da shara

Kasancewar famfo a tsakar gida ba ya nufin akwai ruwa. Ka tambayi maƙwabta yaushe rabon da ya kawo. Yawan 'yan garuwa da ke tura kura a layin da safe yana nuna maka gaskiyar lamarin, sai ka tambayi kuɗin jarka a damina da kuma a watan Afrilu, ka lissafa jarka nawa gidanka ke sha a rana. Idan da rijiya ko burtsatse aka dogara, ka tambayi zurfin da ake haƙawa kafin a samu ruwa da kuma ko yana ƙafewa da bazara, domin akwai wuraren da dutse ne a ƙasa, a haƙa a yi asarar kuɗi. Ka ɗebi ruwan a gorarka ka duba launinsa da warinsa, ka gwada ko sabulu na kumfa da shi, idan da hali kuma ka kai shi ɗakin gwaji. Ka auna tazarar da ke tsakanin rijiya da masai, naka da na maƙwabta na bayan katanga. Abin da masana lafiya suka fi ba da shawara shi ne kimanin mita 30, kuma a cunkusassun unguwanni da wuya a samu haka, wanda yana cikin dalilan da ke kawo amai da gudawa da zazzaɓin taifot.

Wutar lantarki an kasa ta rukuni-rukuni. Rukunin A an yi masa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC, mai kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta ɗaga farashin yunit na rukunin A zuwa naira 225, daga baya aka ɗan rage shi, saboda haka unguwa mai yawan wuta tana da yawan kuɗin wuta. Ka tambayi rukunin da layin yake a ofishin kamfanin rarraba wuta, wato KEDCO ga mutanen Kano da Katsina da Jigawa, sannan ka tambayi mai sayar da ƙanƙara ko mai walda na unguwar awa nawa suke samu a zahiri. Ka bincika ko taransifomar tana yawan lalacewa, da yadda ake karo-karon gyaranta, ka kuma tabbatar gidan yana da mita kuma babu tsohon bashi a kansa. Inda wuta ba ta da ƙarfi amma sauran abubuwa sun yi, sola tana toshe wannan gurbi, sai dai a sa kuɗinta cikin lissafin sayen gidan.

Shara kuwa dubawa ɗaya ta isa. Ka nemi bolar unguwar, ka ga nisanta da gidan, ko ana kwashe ta, ko ƙona ta ake yi hayaƙin yana shiga ɗakuna.

6. Ka taka hanyar da yaro zai bi

Kada ka wadatu da jin cewa akwai makaranta a kusa. Ka tashi daga ƙofar gidan ka taka zuwa makarantar boko da islamiyya da ƙafa, kana kallon hanyar a matsayin yaro ɗan shekara shida. Zai tsallaka babban titi? Akwai buɗaɗɗiyar kwata mai zurfi, ko kududdufi, ko kango, ko lungun da babu kowa? Makarantar da ke nesa kaɗan amma a ɓangarenku na titi ta fi wadda ke kusa amma sai an tsallaka hanyar manyan motoci. Ka shiga makarantar a lokacin darasi, ka ga yawan yara a aji da halin banɗaki, ka tambayi kuɗin zango tare da na littattafai da na kayan makaranta. Idan uwargida tana karatu, a bincika ko akwai islamiyyar matan aure da za ta iya zuwa a ƙafa.

Haka za ka yi wa asibiti, amma a nan da lissafin dare za ka yi. Ka tambayi kanka, idan naƙuda ta tashi da ƙarfe biyu na dare a tsakiyar damina, ko zazzaɓin yaro ya kai ga jijjiga, ina za a nufa, da wace mota, ta wace hanya? Ka gano ƙaramin asibitin da ake awon ciki da rigakafin yara, ka tambaya ko suna kwana a buɗe, sannan ka auna nisa zuwa babban asibiti kamar na Murtala ko na koyarwa na Aminu Kano ko asibitin yara na Hasiya Bayero. Kemis na bakin layi ba ya maye gurbin asibiti.

7. Maƙwabta da tsaro da tarbiyya

Ya zo a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe ba yana yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya game da maƙwabci har Annabi ya yi zaton za a ba maƙwabci gado. Wanda haƙƙinsa ya kai haka, ya kamata a san ko wane ne kafin a haɗa katanga da shi. Ka yi sallama da magidantan da ke dama da hagu da gaba da bayan gidan, ka gabatar da kanka cikin ladabi, ka ce kana tunanin zama maƙwabcinsu. Uwargida kuma ta shiga cikin gidajen ta gaisa da matan, domin abin da za ta ji a tsakar gida cikin rabin sa'a game da ruwa da sata da halin mutanen layi, kai ba za ka ji shi a majalisar maza ba.

Yadda ake tambaya yana da tasiri. Idan ka ce, unguwar nan lafiya kuwa, kowa zai ce maka lafiya ƙalau, domin babu mai son kushe mazauninsa a gaban baƙo. Ka yi tambayoyin da amsarsu labari ce: yaushe aka yi sata ta ƙarshe a layin nan, ƙarfe nawa masu shago ke rufewa, akwai 'yan sintiri, nawa kowane gida ke biya a wata, me ya sa mai gidan nan yake son sayarwa, kuma mutum nawa suka zauna a cikinsa a 'yan shekarun nan? Gidan da ke yawan sauya hannu akwai dalili. Ka ziyarci mai unguwa da limami, ka kuma tambayi wanda ba shi da abin karewa, kamar ɗan haya da ke shirin tashi ko mai adaidaita sahun da ke kwana a yankin.

Idonka ma zai taimaka. Kwalaben maganin tari da fankon ƙwayoyi a kango ko bayan makaranta alamar matattarar shaye-shaye ce. Layin da mutane ke ɓoye waya da zarar magariba ta yi yana fama da masu ƙwace. Ka tambaya kai tsaye ko ana faɗan daba a yankin, musamman lokacin zaɓe da bukukuwan sallah. A ɗaya ɓangaren kuma, layin da ka ga dattawa na zaune a dakali, yara na gaishe su, wani babba yana tsawata wa ɗan da ba nasa ba, an haɗa kuɗi an gyara kwata ko an sa fitilar sola, wannan layin yana da masu shi, kuma irinsa ne ke taya iyaye tarbiyya.

A nan ina so in ja hankali game da wani zato da ya yaɗu, cewa unguwar masu kuɗi ita ce unguwar tarbiyya. Dogayen katangu suna kawo shiru, amma akwai inda maƙwabci ba ya sanin an yi haihuwa ko rasuwa a gidan da ke jikinsa, kuma matar da mijinta ke yawan tafiya takan ji kaɗaici da tsoro a irin wannan wuri. Haka nan sabuwar unguwar bayan gari da gidaje ke tsilli-tsilli a tsakanin kangwaye da gonaki tana bukatar ƙarin tunani ga mai ƙananan yara. A garuruwan da rikicin baya ya raba mazauna, kamar Kaduna tun daga 2000 da Jos tun daga 2001, sai a haɗa da duba hanyar da ke tsakanin gida da wurin aiki da makaranta, a kuma nemi shawarar waɗanda suka daɗe a garin.

8. Ka zagaya ka ga abin da ke kewaye da gidan

Ka yi tafiyar minti goma ta kowace fuska. Abubuwan da ake gudu su ne gidan mai da shagon ɗura iskar gas a jikin gidaje, da injin niƙa ko na walda a katanga ɗaya da ɗakin kwana, da tashar manyan motoci, da mayanka, da gidan kaji. Kusa da yankunan masana'antu kamar Sharaɗa da Challawa da Bompai, ka kula da warin iska da launin ruwan da ke bin kwata, musamman inda ake jimar fata. Kada ka sayi gida a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Ƙa'ida ta ware faɗin mita 50 ga layin da ke ɗauke da kilobolt 330, da mita 30 ga mai 132, kuma duk ginin da ya shiga wannan fili yana cikin haɗari, ana kuma iya rushe shi. Idan akwai babban fili da ba a gina ba a kusa, ka tambayi na wane ne da abin da za a yi a wurin, domin yana iya zama makaranta, yana kuma iya zama kasuwa.

9. Tsarin unguwa da takardu

Unguwanninmu iri biyu ne, masu awon gwamnati da masu awon igiya. A awon gwamnati an fitar da tituna da filin makaranta da na asibiti tun kafin a yi gini. Awon igiya kuwa gona ce mai ita ya yanka ya sayar, kuma sau da yawa ba a bar hanya mai faɗi ko magudanar ruwa ba. Ya fi araha, kuma jama'a da yawa suna zaune lafiya a cikinsa, amma ka fitar da tef ka auna faɗin layin tun daga bakin titi. Idan motar kashe gobara ko motar yashe masai ba za ta iya kaiwa ƙofar gidan ba, ka san da wannan kafin ka saya. Ka kuma duba ko wani ya ci hanya da gini a gaba, domin layin da ya fara da faɗi yana iya tsukewa ya zama lungu.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma takardar shaidar mallaka da ake bayarwa, wadda aka fi sani da satifiket, yawanci ta shekara 99 ce ga gidan zama. Sayar da gida mai irin wannan takarda yana bukatar amincewar gwamna kafin cinikin ya cika a idon doka. Ka ba lauyanka lambar takardar ya bincika a ofishin filaye, wato KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, don a tabbatar sunan da ke kanta na mai sayarwa ne kuma ba a jinginar da gidan a banki ba. Ka kuma je hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ka tambaya ko wurin na zama ne, ko akwai titin da aka tsara zai bi ta kansa, ko kuwa filin makaranta ko maƙabarta ko hanyar ruwa aka yanka. Rushe-rushen da aka yi a Kano a watan Yuni na 2023 sun shafi gine-ginen da gwamnati ta ce an yi su a filayen jama'a, kuma wannan ya isa ya sa mai saye ya binciki asalin fili ko da an nuna masa takarda.

Inda babu satifiket, sai takardar ciniki ta mai unguwa ko dagaci, ka bi jerin waɗanda suka mallaki wurin har zuwa mai gonar farko, safiyo ya auna ya fitar da iyakoki a gaban maƙwabta, lauya ya rubuta yarjejeniya da shaidu, sannan ka fara neman takardar gwamnati da zarar ka karɓi gidan. Idan gidan gado ne, kada ka yi ciniki da mutum ɗaya ko da shi ne babban wa. Ka nemi takardar rabon gado ta kotu, ko dukkan magada su sa hannu, har da mata da waɗanda ke zaune a wani gari.

10. Ka kwatanta, sannan ka yanke shawara

Ka ɗauko littafinka ku sake zama da uwargida, ku jera unguwanni biyu ko uku da suka rage a gefen bukatun da kuka rubuta a matakin farko. Duk wadda ta faɗi a kan ambaliya ko tsaro ko takardu a cire ta, komai kyan gidan, domin waɗannan ukun ba su gyaruwa da ƙoƙarin mutum ɗaya. Ƙarancin wuta da rashin kwalta da tsufan gini kuwa ana iya zama da su a gyara a hankali. Idan kuɗinka bai kai babban gida a unguwar da ta yi maka ba, ƙaramin gida ko tsohon gida a can ya fi katafaren gini a inda hankalinka bai kwanta ba, tun da ana iya ƙara ɗaki daga baya.

Idan har yanzu kana kokwanto, kuma hali ya ba da dama, ka kama haya a unguwar na shekara ɗaya, ka ga damina da bazara da azumi da sallah a cikinta, kana nan kuma za ka riƙa jin gidajen da za a sayar tun kafin su kai hannun dillalai. Idan dillali ya ce maka akwai wani mai saye da zai kawo kuɗi gobe, kada hakan ya sa ka tsallake mataki ko ɗaya. Ka yi istihara, ka yi shawara da manyanka, kuma idan za ka ba da kafin alƙalami, a rubuta a takarda a gaban shaidu cewa za a mayar maka da kuɗinka cikakku idan binciken ofishin filaye ya nuna matsala. Ragowar kuɗin kuma ka biya ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, a ranar da za a miƙa maka takardun asali da makullai.